Sunan da ke ƙarƙashin farar ƙasa

Mu masu aikin haƙa a Pompei, tsohon birnin Italiya da tokar dutse mai aman wuta ta binne, muna da wata al'ada da ba ta cikin kowace doka. Duk gidan da aka tono, masana su ba shi lamba da irin nasu sunan, amma a bakinmu gidan na wanda ya fara karanta sunan mai shi a bango ne. Ranar kuma abokin aikinsa zai ruga bakin titi ya sayo wa kowa kek mai cuku. Akwai gidan Aniello, akwai gidan Carmine Gurgu da ya daɗe da rasuwa amma har gobe da shi ake kwatance. Nunzia da ta zo jiya-jiya, gidajenta biyu. Ni Assunta na yi furfura ina share toka daga bangon mutane, ritaya ta zo mini bakin ƙofa, ko makewayi ba a kira da sunana.

Haushin Nunzia nake ji, ba na ɓoyewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yarinyar ba ta da laifin da zan kama. Hannunta da sauƙi, ba ta gulma, kuma ni na koya mata riƙe burushi. Gwaggo take kirana, cikin ladabin da ke tuna mini ciwon gwiwata.

A bazarar ƙarshe ta aikina muka tono wata ƙofa a wani lungu, dokin ƙofarta ya lotsa saboda sawun mutane. Dakta Cozzolino, shugabar rukuninmu, ta raba mana bangon: hagun ƙofa na Nunzia, dama nawa. Irin wannan bango ne mutanen wancan zamani suke cikawa da tallan zaɓe da jan fenti. Sukan fara da sunan ɗan takara, su ce mutumin kirki ne, a ƙarshe su sa sunan mai gidan da ke roƙon a zaɓe shi. Na lissafa a raina cewa tunda rubutu daga hagu yake tashi, ƙarshensa a wurina zai faɗo. Da dariyata na koma gida ran nan.

Bangon Nunzia ya yi ta haihuwar haruffa, ja wur, kamar jiya aka rubuta: a zaɓi Fabullus ya kula da kasuwa da tituna. Nawa kuwa da na share tokar, sai farar ƙasa fetal, ko ɗigo babu. Ba dama kuma in kankare, domin farar ƙasar ma tsohuwa ce, dokar aiki ta hana a taɓa ta.

Aniello ya zo wucewa da baro, ya tsaya ya ƙare wa bangona kallo.

"Assunta, naki ɓangaren ya ƙaurace wa zaɓe ne?"

Kowa ya kwashe da dariya ban da Nunzia, rashin dariyar tata ma ya fi yi mini ciwo. Masu yawon buɗe ido suka riƙa leƙowa ta saman shinge suna ɗaukarta hoto, ni ina gefe da bokiti. Da rana in ta miƙo mini burodi da tumatir sai in ce na ƙoshi, cikina yana kuka.

Wata yamma ta roƙe ni in zo da sassafe in taya ta yaye tamfol ɗin da muke rufe ƙofar da bangonta da shi, wai ya yi mata nauyi. Na ce yarinya da ƙuruciyarta, ƙarti cike da wuri, sai tsohuwa za ta sa aiki? Ta dai nace. Na zo ina mita.

Muka yaye tamfol, ta juya ta tafi zuba kofi. Rana ba ta ɗago sosai ba, haskenta yana shafar bangon ta gefe. Sai na ga farar ƙasata ba sumul take ba. Akwai tudu-tudu a ƙarƙashinta, kaurin fentin da aka binne, kowanne da 'yar inuwarsa. Na matsa, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki na faɗa da ƙarfi, yadda har masu gadi sai da suka ji:

"Cosmia ce ke roƙo."

Kafin rana ta hau inuwar ta ɓace, Dakta Cozzolino ta iso ta gani da idonta. Ta ce wataƙila matar mai sayar da giya ce, ɗan takarar ya ji kunyar goyon bayanta, ya sa aka shafe sunanta aka bar nasa. Na ji tausayin Cosmia har cikin raina. Aniello ya cire hula ya ce daga yau lungun nan yana da gidan Assunta. Na yi kuka, ban damu da wanda ya gani ba.

Aka ce Nunzia ta ruga ta sayo kek. Ba ta je ko'ina ba. Jakarta ta buɗe ta fito da ƙunshi, ya ishi kowa har da saura. Na dubi takardar, ta gidan burodin da ke tashar jirgin garinsu ce, wanda take wucewa da asuba.

Na ja ta bayan baro.

"Tun yaushe kika gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, ki ci tun da ɗuminsa."

Na ci, domin idon mutane yana kaina. Ashe har wannan ma ita ta riga ni, sannan ta ɗora da kirkin da ni ba zan iya ba.

Sunan ya zauna. Yau in na shiga ziyara, sabbin ma'aikata kan ce in zo su kai ni gidan Assunta. Nakan ce gwiwata ba za ta iya duwatsun lungun ba, in bi ta wani titin. Su nawa sunan suke ji, ni kuwa na san na Nunzia ne ke ƙarƙashinsa.