Ranar da Minista Ya Kai Dubu Uku

"Dubu biyu da ɗari huɗu! Da ɗari huɗu, jama'a, ku dube shi da kyau!"

Farin bijimin ya zagaya filin gwanjo a natse, don ya fi wasu ma'aikatanmu sanin wurin. Na janye baki daga lasifika, na leƙa 'yar tagar da ke gefena, inda mai dabba ke tsayawa masu saye ba sa ganinsa. Kawu Malachy, yayan mahaifiyata, yana nan da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ruwan sama na ɗiga daga hularsa.

"Kawu, a sallama?"

"Dubu uku na ce, Fintan. Ko kai ma kunnen ya fara mutuwa ne?"

Na ajiye guduma. "Ba a sayar ba!"

Masu saye da ke kan benci suka kaure da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malachy, ka saya wa Minista kujera a nan mana, tsayuwar ta ishe shi!" Minista suke kiran bijimin, wai don ci yake ba ya aiki.

Wata goma sha huɗu ke nan ana wannan wasa. Duk Alhamis Kawu zai ɗauro 'yar tirelar shanu a bayan mota ya kawo shi, ya biya kuɗin shiga, ya ƙi tayi, ya mayar da shi gida. A lokacin da ya fara kiran yuro dubu uku, ko mahaukaci ba zai biya haka a kan sa guda ba.

Shekara ashirin ina gwanjon shanu a wannan kara ta yammacin Ireland, kuma a gabana garken Kawu ya narke. Shanu arba'in gare shi a da. Mutum ya yi shekara biyu da rabi yana kiwon sa, ga abinci, ga likita, ga sanyin asuba, sai manyan kamfanonin nama su yanke farashin da suka ga dama, ya koma gida wahalarsa kaɗai ya ci riba. Fergal, ɗansa tilo, ya duba ya ga ba rayuwa a ciki, ya tafi Ostareliya aikin gini. 'Ya'yan maƙwabta ma haka. Inna Philomena, matar Kawu, ta rasu. Kawu ya yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai Minista.

* * *

Fergal ya kira ni wata Talata.

"Ɗan'uwa, don Allah ka raba Baba da dabbar nan. Shekararsa saba'in da tara, yana kokawa da sa mai kilo ɗari takwas shi kaɗai. Ran da ya matse shi a jikin ƙofa, wa zai ji? Kuma asara kawai yake, abincin da yake ci ya fi ƙarfin fanshon."

Na ce masa ya kwantar da hankali. Farashi yana ta hawa a 'yan watannin nan, tunda masu kiwon sun ƙare, naman ya yi wuya. Abin da aka hana iyayenmu shekara talatin, sai ga shi ya zo bayan babu mai karɓa.

Ranar Alhamis da safe na ba Nuala labari, matar da ke dafa abinci a kantin kara. Ta ajiye butar shayi da ƙarfi.

"Kai dai baki gare ka, ba ka da ido. Kana zaton bijimi yake kawowa kasuwa? Kansa yake kawowa. Daga Alhamis zuwa Alhamis, da wa yake magana a gidansa can ƙarshen hanya? Nan yake cin dankali da nama mai zafi, a tsokane shi ya rama."

"To ya riƙa zuwa haka nan mana, wa ya hana shi?"

"Malachy? Ya zo kara hannu rabbana, a ce ya zo neman hira? Ai gara ya mutu a kujerarsa." Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ƙanwarsa, yaushe rabonka da gidan?"

Tun jana'izar Inna rabona da shi, mil tara kacal. Na shanye shayina na fita, ina jin haushinta don ta faɗi gaskiya.

* * *

Da Minista ya hau sikeli, allo ya nuna kilo ɗari takwas da talatin. Yanzu rabin masu sayenmu ta waya suke tayi daga nesa, lambobinsu kawai muke gani. Na buɗe da dubu biyu da rabi, kafin in ja numfashi an wuce da ɗari bakwai.

Ina iya sassautawa. Mai gwanjo ya san yadda ake barin ciniki ya huce. Amma muryar Fergal na kunnena, ga kuma daɗin sana'a ya ɗebe ni, sai na ƙara wuta.

"Da ɗari tara! Wa zai cike? Dubu uku! Dubu uku da hamsin, a waya!"

Na leƙa taga. Kawu ya riƙe katakon tagar da hannu biyu. Wata goma sha huɗu yana faɗin dubu uku a gaban mutanen nan. In ya ƙi yau, kowa zai gane abin da ke kawo shi.

"Kawu?"

Ya daɗe yana kallon bijimin.

"Magana ɗaya nake yi," ya ce a hankali. "Sallama."

Guduma ta sauka. Jama'a suka miƙe da tafi, ana ta "Malachy ya yi nasara!" Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba a kan wannan kujera.

Na ba abokin aikina lasifika na bi Kawu. Na same shi a bakin ofis, yana laluben aljihun kwat. Ya zaro takardar yuro ashirin sabuwa fil. Al'adarmu ce mai sayarwa ya mayar wa mai saye ɗan wani abu, kuɗin sa'a, ya danƙa masa hannu da hannu.

"Wane ne ya saya? Nuna min shi. Zan gaya masa Minista ba ya son a ɓullo masa ta hagu, idon ya yi rauni."

"Ba ya nan, Kawu. Ta waya ya saya."

"To, sunansa?"

Yarinyar ofis ta duba kwamfuta. "Lamba ɗari huɗu da sha biyu ne, wakilin wani kamfani. Motarsu za ta kwashe da yamma."

Kawu ya gyaɗa kai kamar ya fahimta. Ya juya wajen benci, ko zai haɗa ido da wani. An riga an shigo da wasu 'yan maruƙa, duk mazan sun ba shi baya sun jingina da ƙarfen shingen fili suna tayi. Ya tsaya a tsakiyar hanya, masu kora shanu suna kauce masa, hannunsa a miƙe da takardar.