Sheƙa a Gidan Fitila

Sai-Gobe ake kiransa, kuma bai taɓa musa sunan ba, don shi ya gina shi da hannunsa. Ya daɗe a kanikanci har yaran da ya fara gyara wa iyayensu mota sun yi furfura, kuma duk wanda ya kawo masa aiki ya san zai sha "gobe" har takalminsa ya siɗe. Abin da ke cinsa yanzu shi ne, karon farko da ya samu dalili na gaskiya, babu mai yarda.

Motar mijin ƙanwarsa ce, wanda kowa ke ce wa Akawu. Ya daki bayan tifa, lagireto ya fashe, fitilar hagu ta tarwatse, aka tura ta ƙarshen gareji tana jiran kaya. Ranar da sabon lagireto ya iso, Sai-Gobe ya ɗauki sifana ya duƙa gaban motar, sai ya haɗa ido da kurciya. Tana kwance a ramin fitilar, bisa waɗansu 'yan tsinkaye da ko shi zai ji kunyar ya kira su aiki.

"Ke kuma wa ya ba ki izini?" in ji shi.

Ko gezau. Sai ya tura lagireton ƙarƙashin benci, ya rufa masa tsumma.

Ƙwan da take kwanci a kai suka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan munana, kamar audugar goge baƙin mai. Amma kullum da safe, kafin mai walda ya fara tartsatsinsa, Sai-Gobe kan kifa bokiti ya zauna yana kallon yadda suke cusa baki cikin maƙogwaron uwar, ita kuwa ta runtse ido ta ba su duk abin da ta tsinto. Idan rana ta taɓa wuyanta sai ya riƙa sauya launi, irin na man da ya ɗiga a kan ruwa. Ran nan ya ji bakinsa ya ce "Subhanallah", ya tsaya yana tuna rabon da ya faɗi kalmar ba don noti ya karye ba. Bai tuna ba.

Ana haka Akawu ya shigo da janwe, mai jan matattun motoci, a bayansa.

"Yaya, na zo ɗaukar motata."

"Ɗan ƙara haƙuri. Sun kusa tashi."

"Su wa?"

Ya nuna masa. Akawu ya duƙa, ya leƙa, ya miƙe yana kaɗe gwiwar wando.

"Na ji na kaya bai zo ba. Na ji na an kawo ba irinsa ba. Yau kuma tsuntsu. Yaya, 'ya'yan ƙanwarka a ƙasa suke zuwa makaranta, ƙaramin har ƙafarsa ta yi kanta. Su ba halittar Allah ba ne?"

Maganar ta shige shi, shi ya sa ya ƙara hasala.

"Kai da ka tura motar ƙarƙashin tifa da idonka biyu, yau kai ne mai tausayin yara? Da kana kallon hanya yadda kake kallon waya, da kurciya ba ta samu ɗaki ba."

"To, ni makaho ne. Kai kuma maƙaryaci. Ina lagireton?"

"Bai zo ba."

Mai walda, wanda bakinsa ba ya iya zama a rufe, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "A'a, Oga, ba shi ne ƙarƙashin benci ba?"

Sai-Gobe ya yi masa kallon da zai narka ƙarfe ba wuta. Akawu ya janye tsumman, ya ga lagireto sabo fil, ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Girmanka kawai nake gani. Direba, ɗaura ta."

Ƙarar sarƙa ta sa uwar ta yi fir ta haye kwanon rufi. 'Ya'yan suka lafe. Sai-Gobe ya sha gaban direban.

"Wanda ya ja motar nan kafin in gama, sai dai ya ja ni tare."

Ya durƙusa ya shiga kwance gidan fitilar. Bai taɓa aiki da sauri haka ba, bai kuma taɓa yi a hankali haka ba. Wani noti ya yi tsatsa, ya ƙi. Ya zage shi ƙasa-ƙasa don kada ya firgita masu gida, sifana ta kuɓuce ta ɓare masa yatsa, sannan notin ya saki. Ya zaro gidan fitilar da sheƙar a ciki, ya riƙe a tafin hannu biyu.

"Har fitilar za ka riƙe?" in ji Akawu.

"Ai ka riga ka kashe ta. Je ka."

"Za ka ji daga ƙanwarka."

Janwe ya fice da motar, ya bar baƙin tabon mai a ƙasa. Sai-Gobe ya jera tsofaffin tayoyi daidai wurin, daidai tsayin, ya ɗora gidan fitilar yana fuskantar inda yake fuskanta a da. Mai walda ya kunna injinsa.

"Kashe abin nan kafin in kashe ka, munafuki."

Gareji ya yi tsit. Kurciyar na bisa kwano tana karkata kai, tana neman motar da babu. Ta sauko ƙasa, ta zaga tabon man, ta koma sama. Jini na ɗiga daga yatsansa bai goge ba. Yana ta lissafa abin da ya kamata ya faɗa wa Akawu, kowace magana ta fi ta baya zafi, idonsa kuwa na kan tsuntsuwar.

Ɗaya daga 'ya'yan ya yi 'yar ƙara siririya. Uwar ta sauka a gefen taya.

Sai waya ta fara ruri a aljihunsa. Ya san ƙanwarsa ce. Ya danne ta da tafin hannu ta cikin riga har ta yi shiru, bai ko numfasa ba. Kurciyar ta dube shi, ta dubi ramin, ta sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ɗayar.