A Bar Mata 'Yar Ƙara

Mai gyaran na danna maɓalli, kwamfutar ta yi gurnani, sannan ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, har sukurorin da ke kan tebur suna rawa. Mai sayar da caja da ke shagon kusa ya leƙo ya tambaya ko janareta aka tayar.

"Boris ne, ƙarfen da fanka ke juyawa a kansa," in ji tsohon da ya kawo ta, yana zaune a kujerar roba da hularsa a gwiwa. "Na fankar baya. Ta gaban lafiyarta ƙalau, datti ne kawai ya yi mata yawa."

Mai gyaran, wadda duk benen ke kira Injiniya, ta dube shi ta saman tabarau. Ta sa yatsa ta tsayar da fankar baya, nan take kukan ya ragu da rabi.

"Baba, ashe kai ma ɗan hannu ne."

"Shekara talatin da huɗu ina jan babbar mota, 'yata. In ƙarfe ya yi kuka, na san inda ke masa ciwo."

Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Shagon ya yi tsit, kuma a cikin shirun ne ta ji wata ƙarar, siririya, kamar ana hura usur a cikin bargo. Ta duba injin hura iska, ta duba soket, kafin ta gane daga ƙirjin tsohon take fitowa. Shi ma ya ga ta gane. Ya gyara zama ya ce matakalar benen nan nasu ba ta da tausayi, wanda ya gina ta bai yi tunanin zai tsufa ba.

Ba matakala ba ce. Wata bakwai ke nan da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a gaban fitila ya ce huhun ya gaji, hayaƙin man da ya shaƙa tun yana saurayi ne ya biyo sawu. Aka haɗa shi da ƙwayoyi da wani ɗan abin shaƙa mai shuɗin murfi. Daga shi sai matarsa suka sani, ita ma sai da ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa Auta ba.

Auta shi ne ɗansu na ƙarshe, shi ne kuma ya haɗa kwamfutar nan da hannunsa tun yana makaranta. Shekara huɗu ke nan yana aiki a wata ƙasa mai nisa, saura biyu yarjejeniyarsa ta cika a tabbatar da shi. Tsohon ya san halin abinsa sarai. Ranar da Auta ya ji wannan usur ɗin, ranar zai tattara komatsansa ya taho, aikin da ya sha wuya kafin ya samu ya bi ruwa. A waya abin da sauƙi: gaisuwa biyu, "lafiya ƙalau", sai ya miƙa wa uwar. Ranar Asabar ce matsalar. Duk Asabar da ƙarfe huɗu sukan haɗu a wani wasan kwamfuta na tuƙin manyan motoci, shi a nan da sitiyarin roba ɗaure a jikin tebur, Auta a can, su jera a hanya ɗaya awa biyu cur suna hira. Kukan fanka ne ke rufa masa asiri, ko ya yi tari sai ya bi cikin hayaniyar ya ɓace. To ga shi Auta ya gaji da cewa "Baba, me ka ce?", ya aiko da kwali guda na kaya, ya kuma turo sunan shagon da za a kai, yau ɗin nan, kafin huɗu.

Injiniya ta zazzage kwalin a kan tebur. Fanka uku sababbi dal, ram guda biyu don ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, katin da ke fito da hoto a allo mai kaurin bulo, da ɗan sirinji na man toka-toka da ake shafawa don zafi ya fita.

"Ɗan nan naka ba ya wasa," ta ce. "Wannan katin ko ni ban taɓa riƙe irinsa ba sai a hoto."

Ta cire murfin gefe, ta fita da akwatin bakin ƙofa ta sakar masa iska. Dattin shekaru ya tashi ya turnuƙe baranda, mai caja ya rufe hanci yana cewa Allah ya isa. Tsohon ya juya baya ya zaro abin shaƙarsa, ya zuƙa sau biyu da sauri, ya mayar aljihu kamar wanda ya ɗauki abin wani.

Da ta dawo sai ya zuba mata ido tana aiki. Ta kankare tsohon man da ya bushe ya zama kamar ƙasa, ta ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Ta danna ram ɗin har suka ce ƙas. Hannunta ya burge shi, ba ta gaggawa, kuma duk sukurun da ta cire sai ta ajiye shi a murfin kwalba bi da bi. Ya so a ce makanikan da suka yi ta jagwalgwala masa mota sun ga yadda ake aiki. Amma da ta ɗora sukudireba a kan fankar baya, sai ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, tsaya tukuna. Ki sa komai da komai, amma wannan ki bar ta."

"Wace? Mai kukan?"

"Ita. A bar mata 'yar ƙara. Na saba da ita, ɗakin ba ya min daɗi in babu."

Injiniya ta ajiye sukudireban. "Baba, shekara tara ina wannan sana'a. Kowa ya hawo benen nan cewa yake a kashe masa ƙara. Kai ne na farko da ya ce a bar masa."

"To ai kin samu na tarihi."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya fankar da yatsa, ta nuna masa yadda take girgiɗi tana cijewa. Ta ce ko wata ɗaya ba za ta ƙara ba, kuma sabon katin zafinsa ya ninka na da. In aka bar ta, wata rana suna tsakiyar wasa za ta tsaya, komai ya ƙone.

"Ka fi ni sani," ta ce. "Motar da lagireto ya toshe, kilomita nawa take yi?"

Ya sani. Ya kuma san cewa in kwamfutar ta mutu, Asabar ta mutu ke nan, a koma gaisuwar minti biyu. Ya kawo shawarar a liƙa 'yar takarda a bakin sabuwar fankar ta riƙa kaɗawa, irin yadda yara ke yi wa tayar keke. Shi kansa da ya ji maganar ta fito daga bakinsa sai kunya ta kama shi.

"Ko na yarda ba zai yiwu ba," in ji ta a hankali. "Ɗanka ya ce in na gama in ɗauki bidiyo tana aiki in tura masa, yana so ya ji da kunnensa. Tun safe ya turo min saƙo uku." Ta goge yatsunta da tsumma. "Bai sani ba ko?"

"Bai sani ba."

"Kuma ba ka so ya zo."

Tsohon ya murza hularsa. Da ƙarya ce za ta fito da ta fito da sauƙi, amma yarinyar ta tambaya ne kamar mai tambayar inda waya ta tsinke.

"Ba na so? 'Yata, in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa, alhali na san yana inda sai an hau jirgi biyu. Ina so in ga ko ya yi ƙiba. Ina so in ga yadda yake tafiya yanzu. So kam ina so. Amma ba na so a ce ni na tsinke masa igiya yana gab da kaiwa."

"Ana so ana kaiwa kasuwa ke nan, Baba."

"Ke dai ɗaura fankarki."

Ta ɗaura. Da ta kunna, fitilu suka kama, fankoki uku suna juyawa, amma sai ka kanga kunne kafin ka ji wani ɗan huci. Ta ɗauki bidiyon ta tura. Kafin ta rufe murfin, amsa ta shigo, ta karanta masa: Auta ya ce madalla, yau zai ji muryar babansa tangaram. Ita da kanta ta sauko masa da akwatin har bakin titi, ta tare masa tasi, ta ce wa direban ya bi a hankali da kayan, duka biyun.

A gida matarsa ta taya shi jona wayoyin, ita ke riƙe da tocila tana karanto masa launin kowace. Da ya kunna ta tsaya tana jira, can ta ce, "Ta kama kuwa?" Ya ce ta kama. Ta dubi kwamfutar, ta dube shi.

"Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi," ta ce, ta koma kicin, amma ta bar ƙofar a buɗe.

Huɗu saura minti biyar ya zuƙi maganinsa, ya ajiye kofin ruwa kusa, ya sa abin ji a kunne. Allon ya buɗe, sai ga hanyar da ya saba bi ta zama wata sabuwa: ciyawar gefen titi ɗaya bayan ɗaya, inuwar gajimare tana tafiya a kan kwalta. Koriyar motar Auta tana tsaye a tashar mai tana jiransa.

"Baba, kana ji na?"

Ya ji shi, kamar a kujerar gefe yake zaune. Shekara huɗu, duk Asabar, muryar nan tana zuwa masa ta cikin hayaniya, yau ce ta zo ita kaɗai. Ta yi kauri, ya lura. Ya kuma ji abin da bai taɓa ji ba, wato ɗakin da Auta ke ciki. Cokali ya taɓa kofi, kujera ta yi ƙara, maganar tana dawowa daga bango irin na ɗakin da ba kaya ba mutane. Babu wanda ya gifta, babu wanda ya yi sallama. Ashe ba shi kaɗai fankar nan take rufa wa asiri ba. Tausayin yaron da kewarsa suka taso masa lokaci guda, har sai da ya riƙe sitiyarin da hannu biyu.

"Ina jin ka. Wuce gaba, yau kai ne jagora."

Suka ɗauki hanya. Yana jan numfashi kaɗan-kaɗan ta hanci, yana ba da amsa a gajarce. Sun yi kusan rabin awa lafiya. Sai a wata kwana Auta ya shiga da gudu, bayan motarsa ya kwashe allon gefen titi, ya ce ai allon ne ya shigo masa hanya. Dariya ta kufce wa tsohon. Daga dariyar sai tari, daga tarin sai usur ɗin nan, dogo, yana fita yana komawa, kuma babu abin da zai ɓuya a bayansa. A kicin motsin tukwane ya tsaya.

Koriyar motar ta kunna sigina, ta rage gudu, ta sauka gefen titi ta tsaya. Tsohon ya taka birki ya tsaya a bayanta. Injinan biyu suna ta aiki.

"Baba," in ji Auta daga ƙarshe, muryarsa a daidaice kamar mai karanta takarda. "Gyaran nan bai yi ba. Har yanzu ina jin ƙara."

Tsohon ya dubi fankokin suna juyawa shiru a bayan gilashin murfin gefe. Yaron da ya haɗa wannan akwati sukuru bayan sukuru ba zai kasa bambanta kukan fanka da na ƙirji ba.

"Ina da hutun sati uku da ban taɓa ɗauka ba," Auta ya ci gaba. "Aikina na nan, ba abin da zai same shi. Amma irin wannan ƙarar ba a gane ta daga nesa. Sai na zo na duba da kaina."

Ya buɗe baki zai ce kuɗin jirgi, zai ce ba komai ba ne, zai ce mura ce. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana kallonsa.

"Tsohuwar fanka ce," ya ce. "Ka zo ka duba ta."