Matakalar Mai Tozo

Kowa a layinsu Kyaftin yake ce masa, alhali bawan Allahn nan ƙafarsa ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba sai in ya hau tsani zai kwance fanka. Gyaran fanka ne sana'arsa. Shagonsa yana bayan katangar filin jirgin sama, daidai inda jirage suke saukowa, kuma tun yana saurayi ya kamu da ciwon son su. Yana cikin ɗaure noti zai ji ƙara daga nesa, ya ajiye sukundireba, ya fita da gudu ya bar mai fanka a tsaye yana fifita da hannu.

Duk cikin jiragen akwai wanda ya fi ƙauna, wani ƙato mai inji huɗu da tudu a ƙeyarsa. Shi ya sa masa suna Mai Tozo. Abin da ya hana shi sakat game da jirgin nan kuwa shi ne, a cikin tozon akwai bene, kuma akwai matakala da ake hawa a je can.

"Matakala a cikin jirgi!" haka yake gaya wa maƙwabcinsa mai walda. "Kana sama, ka ƙara hawa sama."

"Ka taɓa taka ta?" in ji mai walda, ko tabarau ɗin aikin bai cire ba.

"Na gani a hoto."

"Ni ma na ga teku a hoto, amma ban jiƙe ba. Kyaftin na ƙasa, koma ga fankarka."

Ana haka har gashinsu ya yi fari. Sai Auta, ƙaramar 'yar Kyaftin da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta haihu, ta aiko wa iyayenta su zo ganin jika. Kyaftin ya ji labarin kamfanin jirgin zai yi wa Mai Tozo ritaya a ƙarshen wata, don tsufa ya kama shi. Ya tasa Auta a gaba a waya, in ba a Mai Tozo za ta saya musu tikiti ba, to ta turo hoton jaririn kawai. Auta ta yi dariya ta saya. Na dawowa dai, ta ce, sai a sabon jirgi, don kafin lokacin an ajiye tsohon. Wato in bai taka matakalar nan a wannan tafiya ba, shi da ita har abada.

Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ba ruwanta da jirgi. Mace ce ƙaƙƙarfa, wadda take hawa tsani ta gyara kwanon rufi da kanta saboda gwiwar maigidan ta daɗe da yin murabus. Ita dai damuwarta ko kayan jariri za su shiga akwati.

Ranar tafiya da safe, suna shiga ƙofar jirgin sai ga ta nan a gabansa. Matakala, da kafet mai ruwan toka da ya sha taku har ya yi sanƙo a tsakiya, da ƙarfen dafawa mai sheƙi. Kyaftin ya tsaya cak. Mutane suka cunkushe a bayansa. Ya ɗaga ƙafar dama.

"Baba, mu ga tikitinka," in ji wata ma'aikaciyar jirgi, dattijuwa siririya mai furfura a gefen kai, da alama tare suka tsufa da jirgin. Ta duba ta nuna masa hanya. "Ku can baya ne. Sama na masu babban tikiti ne."

"Leƙawa kawai zan yi, 'yar'uwa."

"Ba a leƙawa. Wuce, kana tare hanya."

Maman Auta ta ja shi da gefen riga har wurin zamansu. Nan kuma wata rigimar ta tashi, don kujerar taga sunanta ne a kai, tasa kuwa ta kusa da ita ce.

"Ki bar mini tagar," ya ce a hankali. "Ke me za ki kalla? Ko bambancin fiffike da wutsiya ba ki sani ba."

"Ɗauka, Baban Auta. Ni ina ruwana da gajimare."

Suka yi musanya. Jirgi ya fara gudu, kuma jama'a, ba abin da bai yi kuka a cikinsa ba. Akwatunan sama suna kaɗawa kamar tukwane a bayan mota, rufin yana ƙiƙi-ƙiƙi, wani ruwa mai sanyi ya ɗigo wa Maman Auta a goshi. Ta damƙe hannun kujera tana salati. Kyaftin kuwa baki har kunne.

"Kin ji? Wannan shi ne ƙarfe na gaskiya. Na yanzu duk roba ce, ko tari ba sa yi."

"Ruwa yake zuba a kaina."

"Gumi ne. Aiki yake yi."

Komai ta nuna masa, yana da amsa. Teburin gabanta an ɗaure shi da salatif, ya ce alamar kulawa ce. Ƙaramin talabijin na bayan kujera ba ya nuna komai sai koren layi, ya ce ai an yi shi ne don ido ya huta. Ya manna goshi a taga yana kallon injina biyu na ɓangarensa, yana cewa fankoki ne kawai da suka samu gata. Amma zuciyarsa tana can gaba, a gindin matakala.

Da aka kashe alamar ɗaura bel, ya ce zai zaga bayan gida. Ya wuce bayan gida na farko, ya wuce na biyu, ya ɗaga labule, yana tafe yana gaida mutane kamar mai duba aiki. Ya kai har ya dafa ƙarfen.

"Baba."

Dattijuwar ce, da butar shayi a hannu.

"Na ɓata ne," ya ce.

"A jirgi mai hanya miƙaƙƙiya?"

Ta rako shi har kujerarsa. Bayan an ci abinci ya sake gwadawa. A wannan karon ya je mata da batun sana'a, wai ya ji wata fanka tana gurnani a sama, kuma shi kunnensa ba ya kuskure, in ta yarda ya duba kyauta. Ta ce duk jirgin gurnani yake yi, ita ma gurnani take yi, ya koma ya zauna kafin ta sa a ɗaure shi.

Ya dawo ya zauna. Ya daina kallon taga ma. Maman Auta ta dube shi ta gefen ido. Ta danna maɓallin kujera don ta ɗan kishingiɗa.

Sai ji aka yi ƙaras! Bayan kujerar ya tafi baya gaba ɗaya, ya kwantar da ita a cinyar wani mutum mai ƙiba da ke baya yana shan lemo. Ƙafafunta a sama, lemo a gemunsa.

"Wayyo bayana! Bawan Allah yi haƙuri, ba da niyya na zo ba!"

Ma'aikata suka taru, aka ɗaga ta, aka ɗaga kujerar, kujera ta sake faɗuwa. Aka ɗaga, ta faɗi. Dattijuwar ta zaga jirgin ta dawo ta ce ƙasa a cike yake maƙil, wuri ɗaya ne ya rage.

"A sama," ta ce. "Taso, Mama."

Kyaftin ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Kujerar da ta karye tasa ce! Da bai nace sai taga ba, da yanzu shi ake cewa ya taso. Ya zaro tikitinsa.

"'Yar'uwa, duba nan. Wannan kujerar sunana ne a kanta. Ita sai ta koma tagarta, ni kuma in yi haƙuri in tafi saman."

Dattijuwar ta kalle shi tun daga hula har takalmi.

"Matarka ta buga baya, za a kai ta inda za ta miƙe ta kwanta, kai kana nuna mini takarda?"

Mai gemun lemo ma ya ce, "Haba, dattijo." Wata mata a gefe ta yi tsaki. Kyaftin ya mayar da tikitin aljihu, kunya ta rufe shi. Yana kallo matarsa ta bi dattijuwar, tana tafiya garau kamar ba ita ta faɗi ba, har labule ya rufe su. Ya juya ga taga. Fiffiken ya yi masa dishi-dishi, ya goge gilashin da hannun riga, bai gyaru ba.

Ba a jima ba sai ga dattijuwar ta dawo, fuska a ɗaure.

"Taso. Matarka ta ƙi hawa."

Ya tarar da Maman Auta zaune a matakin farko, ta riƙe gwiwa da hannu biyu tana nishi.

"Gwiwata, Baban Auta. Ka san gwiwar nan tawa."

Ya buɗe baki zai ce wace gwiwa, ta harare shi, ya rufe.

"Na ce zan riƙe ta, ta ƙi," in ji dattijuwar.

"Ke 'yar nan, kamar tsinke, in na faɗo miki ai sai a kwashe mu tare. Ni kafaɗar tsohon nan kaɗai na iya dafawa. In ba shi ba, a bar ni nan in kwana."

Dattijuwar ta dubi matar, ta dubi mijin. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Ka kai ta, ka sauko nan take."

Ya ɗora ƙafa. Kafet ɗin da laushi, kuma matakin yana rawa a hankali a ƙarƙashinsa, rawar injina huɗu. Ya ɗora ɗaya ƙafar. Maman Auta ta rataya hannu a wuyansa tana "wash, wash" da ƙarfi don a ji, amma a gaskiya ita ce take ɗaga shi, don tasa gwiwar tun a mataki na uku ta fara ƙara. A hankali suka hau, ba wanda ya ce su yi sauri.

Saman ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne dogo mai gajeren rufi, kamar cikin motar safa, mutane 'yan kaɗan suna barci baki buɗe. A can ƙarshe ga ƙofar matuƙa a rufe. Kyaftin ya tsaya yana kallo.

"Kana sama," ya ce a hankali, "ka ƙara hawa sama."

"Goge idonka, mutane na kallo," in ji ta.

Ya zaunar da ita, ya sauka yana shafa ƙarfen, ya koma kujerarsa cike da farin ciki. Da a nan aka tsaya, da lafiya lau. Amma ko gyara zama bai yi ba dattijuwar ta zo: Mama ta manta mayafinta, kuma ta ce ba mai taɓa mata kaya sai mijinta. Ya tashi da murna ya kai. Can kuma tabarau. Ya kai, da 'yar murna. Can kuma aka ce bayan gidan sama ya lalace, sai an sauko da ita an mayar. Bayan wannan ta tuna da maganin shafawa, sannan ta ce a zo a ɗauki mayafin, zafi take ji.

Tafiya ce doguwa, rana ta ƙi faɗuwa, matakala ta ƙi ƙarewa. A hawa na ƙarshe da rarrafe ya kai, ya dafa kujerarta yana haki. Tana kwance ta miƙe ƙafa, da kofin shayi a hannu.

"Maman Auta, don girman Allah ya isa. Na gani. Na taka."

"Tun da na shigo gidanka kake hawa matakalar nan a cikin kunnena," ta ce. "Yau sai ka ƙoshi. Ina jin na bar ɗan kunnena a ƙasa."

"Yana kunnenki!"

"Au. To sauka ka huta. In za a sauka ka zo ka ɗauke ni."

A filin jirgi, Auta tana tsaye da jariri a kafaɗa sai ta hango uwarta tana tahowa da sauri da jaka biyu, a bayanta kuma ana turo ubanta a keken marasa lafiya, yana ɗaga wa mutane hannu.

"Baba! Me ya same ka?"

"Bene na hau, 'yata. Ba ni wayarki."

Kafin ya ko dubi jikan ya kira mai walda.

"To Kyaftin na ƙasa," in ji muryar daga nesa, "akwai matakalar?"

"Akwai. Na taka ta har ta san ni. Kuma daga yau ka cire 'na ƙasa' ɗin nan."

Ya miƙa wayar, ya karɓi jariri ya ɗora a cinya, nesa da gwiwa. Auta ta ce ya yi haƙuri fa, jirgin komawa sabo ne, hawa ɗaya, ba matakala.

"Kash," in ji Kyaftin da ƙarfi. "An lalata sana'a."

Maman Auta ce kaɗai ta ji hamdalar da ya yi ƙasa-ƙasa. Ta gyara masa hula, ta karɓi keken daga hannun mai turawa.