Darasin da Zira Ya Raina

Kalibu ne ya je tarbar ƙanensa Zira a tashar Mubi, a daminar 1974. Ya ɗaure masa akwati a bayan keke, suka kama hanyar unguwarsu Lokuwa da ƙafa suna kauce wa taɓo. Duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya ce, "Likita, sannu da zuwa!" Zira ya amsa a daƙile, idonsa a ƙasa.

Kalibu malamin firamare ne, shi ne babba a gidan. Tare suka yi makarantar mishan a gindin duwatsun Michika kafin iyayensu su dawo Mubi, kuma kowa ya san Kalibu ya fi ƙanen nasa son littafi, musamman na tarihi. Amma da ciwon baya ya kwantar da mahaifinsu, Baba Ishiyaku, sai aka ce babba ya yi kwas ɗin malanta ya dawo ya riƙe gida. Zira ya wuce sakandare, daga nan ya tafi jami'a koyon aikin likitan dabbobi. Kalibu bai taɓa cewa uffan ba a kan wannan rabon. Yana dai koyarwa, yana noma gonar gyaɗarsu ta hanyar Betso.

Da suka zo inda hanya ta yi shiru, Zira ya dafa sirdin keken.

"Yaya, tsaya. Ban fa gama ba."

"Ba ka gama me ba?"

"Karatun. Na ci duk darussan likitanci, har yabo na samu. Amma a jami'ar nan, ko me mutum ya je karantawa, dole ya ci wasu darussa na gama-gari: Turanci, da tarihin ƙasa, da yadda ake kafa hujja. Na tarihin ne na yi ta ɗagawa shekara bayan shekara. Bana na zauna, na faɗi. Sun ce ba digiri sai na sake zama a watan Satumba."

"Ka halarci darussan?"

"Yaya, me ya haɗa saniya da tarihi? Ina da aiki a gabana, in je in zauna ana mini surutu?"

"Me aka tambaye ku?"

Zira ya yi 'yar dariyar kunya. "Abin da zai ba ka haushi ke nan. Babbar tambayar a kan ƙuri'ar raba gardama ce, wadda aka yi a nan. Wai me ya sa mutanenmu suka ƙi shiga Najeriya a karon farko, suka yarda a na biyu. Ni ina yaro a lokacin, ina makarantar kwana. Na san dai an yi zaɓe. Layi kaɗan na rubuta na tashi."

Kalibu ya zuba masa ido. Wato akwai wani ɗaki a duniya inda babban malami yake tsayawa shekara guda cur yana bayanin yadda ƙasar nan ta zama ƙasa, kujera tana jiran ɗan gidansu, ɗan gidan nasu kuwa bai ga dama ba. Shi da yake aron tsofaffin littattafai a wurin fasto yana karantawa har su yage.

"Don Allah, Yaya, kada Baba da Mama su ji," in ji Zira. "Wata uku ne kawai. In na ci, shi ke nan, ba wanda ya sani."

"Ba komai," in ji Kalibu, ya tura keken.

Ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a aka yi liyafa. An yanka akuya, mahaifiyarsu Liyatu ta tuƙa tuwon dawa tun da safe, matan zumuntar majami'a suka kawo kunun zaƙi a manyan tukwane. Tsakar gida ta cika, har da Alhaji Babakura, ɗan kasuwar nan mutumin Barno, abokin Baba Ishiyaku, wanda yake ta faɗa wa kowa cewa daga yau shanunsa sun yi likita na gida.

Kalibu bai shigo da niyyar komai ba, ko kuma haka ya riƙa gaya wa kansa daga baya. Yana raba nama ne lokacin da mahaifinsu ya miƙe da sandarsa.

"Allah ya ba ni maza biyu," in ji tsohon da Hausarsa ta mutanen dutse. "Ɗaya ya ba shi ƙarfi, ɗaya ya ba shi kai. Kalibu na riƙe fartanya, Zira na riƙe littafi. Kowa da nasa."

Aka yi tafi. Tsohon bai nufi sharri ba, yabo yake yi a ganinsa. Sai fasto ya ce babban wa ya yi magana. Kalibu ya ajiye kwanon nama, ya goge hannunsa a hankali, ya tsaya a tsakiya.

"Jama'a, mun gode. Sai dai ni malamin makaranta ne, ba na son a raba kyauta kafin a duba sakamako. Ƙanena bai zama likita ba tukuna."

Zira ya ɗago kai ya dube shi, bakinsa a buɗe.

"Shanu kam ya san su, ciki da waje. Abin da ya kayar da shi, an tambaye shi labarin garinsu ne. An ce, Zira ɗan Ishiyaku, mutumin Mubi, gaya mana yadda aka yi kuka zama 'yan Najeriya. Ya ce bai sani ba. Turawa sun sani, Yarabawa da Inyamuran ajinsu sun sani, ɗan gida bai sani ba. Ku ci naman dai, tun da an riga an yanka. Saura ƙiris ya zama likita."

Wani saurayi ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama ko'ina. Wata tsohuwa ta ce ai ko jikarta ta san wannan. Alhaji Babakura bai yi dariya ba, ya tattara babbar rigarsa ya yi sallama. Baba Ishiyaku ya koma ya zauna a hankali, ya ɗora haɓarsa a kan sandar. Kafin la'asar yaran unguwa sun riga sun raɗa wa Zira suna, suna bin katanga suna rerawa: "Likita Saura Ƙiris!"

Kalibu ya ji daɗi. Bai ɓoye wa kansa ba, ya ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da mutum yake ji in ya sauke buhu daga kansa.

Da baƙi suka watse, yana tattara tabarmi, ya ji muryar mahaifiyarsu a bakin madafa. Ba faɗa take yi ba.

"Zira, ni ban san digiri ba. Amma ka san ina da wa mai suna Seth?"

"Na sani, Mama. Yana Kamaru."

"Ka taɓa tambaya me ya kai shi?"

Zira ya girgiza kai.

"A zaɓe na biyu aka bar mata suka jefa ƙuri'a. Seth ya ce in jefa a akwatin Kamaru, babanka ya ce na Najeriya. Na bi babanka. Seth ya ce na zaɓi a ci gaba da taka mu. Da sakamako ya fito ya hau dutse ya tsallaka, ko jana'izar mamanmu bai zo ba. Kana cin tuwona shekara da shekaru, ba ka taɓa cewa, Mama, ina ɗan'uwanki ba."

Ta shige madafa. Kalibu ya so ta juyo ta ce masa wani abu shi ma, ko da zagi ne. Ba ta ko kalli inda yake ba.

Zira ya yi kusan mako bai fita ba. Da ya ga lokaci yana tafiya, kuma ba wani mai littattafan tarihi a unguwar sai yayansa, ya haɗiye fushinsa ya same shi yana gyaran keke.

"Yaya, abin da ka yi ka riga ka yi. Ka taimake ni in ci jarrabawar nan."

"Ni ba na koyarwa a gida," in ji Kalibu, bai ɗago ba. "Ina da aji. Ranar Laraba 'yan aji bakwai za su yi wannan darasin. In kana so, ka zo."

Bai zaci zai zo ba. Amma ranar Laraba, yana cikin rubutu a allo, sai ga Zira a bakin ƙofa da farar riga. Kalibu ya nuna masa bencin baya. Zira ya matsa tsakanin yara biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, ajin kuwa ana ta toshe baki.

Kalibu bai taɓa koyarwa kamar ranar ba. Ya faro daga zuwan Jamus, da yadda Ingila ta karɓi yankin nasu amana bayan yaƙin duniya, ta haɗa shi da Yola. Ya faɗi yadda mutanen dutse ba su manta da farautar bayi ba, da yadda suka gaji da hakiman da ake turo musu daga nesa, shi ya sa a 1959 da yawa suka ce a dakata tukuna. Ya faɗi gyaran da aka yi a mulkin gargajiya, da alkawuran da aka ɗauka, har aka kai ga ƙuri'ar 1961. Ya ce layin iyakar da ke kan taswira ya ratsa ta tsakiyar dangi, ya ratsa burtali da makiyaya, kuma duk wanda zai yi aiki a ƙasar nan, ko alƙali ne ko mai yi wa shanu allura, zai tarar da wannan layin a gabansa, zai tarar da mutanen da ba sa yarda da ɗan gwamnati, kuma suna da dalilinsu.

Da ya waiga, ya ga Zira ya daina jin kunya, ya zuba masa ido yana saurare da gaske. Wannan kallon ya fi komai ƙona wa Kalibu rai, don ya zo a makare.

"Na baya can, mai farar riga," ya ce. "Tashi."

Zira ya miƙe.

"Gaya wa ajin nan sunanka da sunan garinku, in ka sani."

Ajin ya fashe. Wani yaro har ya faɗo daga benci. Zira ya tsaya har dariyar ta lafa, sa'an nan ya fita a hankali.

Da aka tashi, Kalibu ya tarar da shi a gindin dalbejiyar makaranta yana jiransa. Fuskarsa ba fushi, ba komai.

"Yaya, ka iya koyarwa. Da na san haka abin yake, da ban tsallake darasi ko ɗaya ba. Ka yi gaskiya, ni ne wawa."

"To, madalla."

"Akwai abin da na zo da shi, na bari sai bayan liyafa in gaya maka. Malamin da ya kayar da ni, na je roƙonsa, ya ƙi. A cikin magana na ce masa yayana ne ya kamata ya zauna a kujerar nan, ba ni ba. Ya tambaye ni labarinka. Ya ce akwai hanyar da ake ɗaukar malamai irinka, su yi jarrabawa su shiga. Ya ce in kawo ka in zan koma, shi zai tsaya maka."

Kalibu ya matso kusa da shi. "Ya sunansa?"

"Kai ne masanin tarihi," in ji Zira. "Ka bincika."

Ya juya ya tafi.

Bai jira Satumba ba. Bayan kwana biyu ya ɗauki akwatinsa da kansa, ya yi sallama da iyayensa, ya ce zai ƙarasa shiri a wurin wani abokinsa. Kalibu ya bi shi tasha daga nesa, ya tsaya a bayan wata motar gyaɗa yana kallo. Ya shirya kalmomin da zai faɗa, ya maimaita su a ransa, har motar ta cika ta tashi bai matsa ba.

Zira ya ci jarrabawar, kuma da maki mai kyau. Aka tura shi aiki wajen Gombe. Yana aiko wa iyayensa saƙo ta hannun direbobi, yana gaida kowa da suna, har maƙwabta, ban da mutum ɗaya. Kirsimeti ta zo ta wuce bai zo ba. A shekarar da ta biyo baya ya aiko mota ta ɗauki Liyatu ta je ganin matar da zai aura, ta tafi ba ta yi zancen ranar dawowa ba. Baba Ishiyaku ya daina cin abinci kwano ɗaya da Kalibu. Bai faɗi dalili ba, ya ce dai a riƙa zuba masa nasa daban.

Kalibu ya yi ta cewa zai rubuta wa jami'ar da kansa. Sai damina ta zo, ga shuka, ga tsoho ba mai kula da shi, sai ya ce bari a yi girbi.

Wata rana yana cikin darasin lissafi, wani ƙaramin ɗalibi mai suna Kwaji, wanda ba ya rabo da tambaya, ya ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa ba ka ƙara yi mana tarihi irin na ranar nan ba? Ya yi daɗi."

Yaron bai nufi komai ba, kowa ya ga haka. Kalibu ya ajiye alli, ya ɗauko bulala daga bayan allo, ya ce masa ya fito. Ya dake shi har sai da hedimasta ya jiyo kukan daga ofis ya zo ya riƙe masa hannu.