Changun Ruwan Gida

Mzee Faki, dattijon masunci, na ɗinkin taru a gindin kwakwa lokacin da 'yarsa Mwatime ta sauko daga mota, takardu a hammata, fuska ba walwala. Shekara biyu ta yi a ɗakin gwaje-gwaje a birnin Tanga tana binciken jinin changu, kifin da ƙauyensu ya dogara da shi. Tambayar ɗaya ce: changun ruwan ƙauyen zuri'a ce ta daban, ko dangi ɗaya ne da na tsibirin Pemba da ke ƙetaren teku? In daban ne, hukuma za ta hana manyan jirage shiga ruwan. In ɗaya ne, za a ce na Pemba zai riƙa cike gurbi, a buɗe musu hanya.

"Baba, an gama," ta ce. "Jininsu ɗaya. Gobe zan miƙa rahoton."

"To, sai haƙuri." Ko ɗagowa bai yi ba.

Sanyin nan nasa ne ya tsaya mata a rai. Tsohon da ke ta da jijiyar wuya a kan farashin gishiri, yau an ce jirage za su shigo, ko gezau? Shi ya kawo mata kifi sittin ɗin da ta yanki wutsiyoyinsu ta zuba a kwalabe. Ta rubuta wa kowace kwalba "ruwan gida", don haka ya faɗa mata.

Ta zauna a kan yashi.

"Baba, tsakaninka da Allah, ina ka kamo su?"

"A ruwa."

"Wane ruwa?"

"Ke 'yar boko, kin taɓa jin masunci ya faɗi inda ya jefa taru? Ko ƙanena na ciki ɗaya ya tambaya, gabas nake nuna masa in daga yamma na fito."

Ta san da haka sarai, a cikinsu ta girma. Ta dai ɗauka ba a yi wa 'yar cikin mutum haka.

"Na Pemba ne, ko?"

Ya ci gaba da ɗinki.

"Wato shekara biyu ina gwada Pemba da Pemba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba zan miƙa ba. Zan roƙi ƙarin wata uku, ko da a bakin aikina. Talatin kawai nake so, na nan, kuma ina cikin kwale-kwalen za a kamo su."

Sai a lokacin ya ajiye allurar. Ya dubi ruwan.

"Mwatime, da akwai talatin a nan, me zai sa tsoho irina tsallaka teku har Pemba? Rabona da ganin changu a ruwan nan tun mahaifiyarki na da rai."