Farar Rigar Danuta

A garin Sanok, duk wanda ya sa farar riga ya tsaya a kemis, sunansa na yanka ya ɓace ke nan. Magista ake ce masa, wato sunan digirinsa. Haka aka kira Zenon har ya yi furfura, haka kuma ake kiran 'yarsa Danuta tun da ta gaji shagon. Ita dai aikin ya fita ranta. Tana miƙa maganin tari, hankalinta na kan littafin falsafar da ta ɓoye a ƙasan tebur.

Da wata jami'a a Krakow ta ba ta gurbin babban digiri a falsafa, abu ɗaya ya rage, yardar uban. Su biyu suka saura a gidan, ba za ta tafi da fushinsa ba. Ta same shi a bayan shago yana yayyanka kabejin da za a jiƙa da gishiri a ajiye don hunturu.

"Baba, zan ajiye farar rigar nan."

"Datti ta yi?"

"Makaranta zan koma. Falsafa zan karanta."

"Maganin wane ciwo ce?"

"Ba ta maganin komai. Tambaya take koya wa mutum."

"Madalla. To in kin gama tambaye-tambayen, me za a kira ki?"

Danuta ta sunkuyar da kai. "Magista."

Tsoho ya ajiye wuƙa, ya yi dariya har da ƙwarewa. "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Ki bar shago, ki koma cin gurasa gaya a ɗakin haya, don a ba ki sunan da karen maƙwabta ma ya san ki da shi?"

"Wannan naka ne, Baba, aro ka ba ni. Yaushe rabonka da kiran sunana?"

"Haba, Magis..."

Ya datse bakinsa. Ya lalubi ranar, bai same ta ba. Ko miya yake so a ƙara masa, Magista yake cewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma Zenon sai yau ruwa ya ɗiga masa a ka. Ya koma kan kabejinsa.

Da safe Danuta ta sauko, ta tarar ya riga ta buɗe shago, sanye da tsohuwar rigarsa wadda maɓallanta suka daina haɗuwa a kan tumbinsa. Ba ta kai ga magana ba sai ga Genowefa, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta turo ƙofa.

"Magista!"

Su biyun suka waiwaya tare.

"Ni ake kira," in ji Zenon. "Wannan Danuta ce, 'yar makaranta. Ke kuma je ki haɗa kayanki, kin tsaya kina tare wa mutane hanya."